Sunan Jikana a Wayar Ashafa

Ashafa ƙanin mijina ne, kuma tun ina amarya a gidan nan na Mandawari ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba. Ya yi gyaran rediyo, ya yi kiwon zomo, ya taɓa sayo injin ƙanƙara a shekarar da lungunmu ya yi wata huɗu babu wuta. Da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, sai ya tafi Ikko neman kwangila. Ya yi shekara biyu ya dawo, ba kwangila, sai baƙin tabarau da kalma guda da yake taunawa kamar goro, wai intanet.

A shekarar ce autana Nasir ya tafi Dubai tsaron shagon wani mutum. Yana turo min yadi da shadda, ni kuma ina sayar wa matan cikin gari, kuma duk wadda ta taɓa ciniki da Hajiya Zinariya ta san ba a yi min tayin banza. Ya bar matarsa Salma da ciki. Salma 'yar Alhaji Ramadan ce, cikin Larabawan garin nan da kakanninsu suka zo fatauci daga Tarabulus. Mutanen kirki ne, sai dai in za su zo gidanka kana share tsakar gida sau biyu. Ta haifi namiji ranar wata Talata. Mai jego tana gidansu wanka, amma suna a ƙofar gidan uba ake raɗa shi, wato ƙofar gidana.

Abin da nake so ban ɓoye wa kowa ba. Jikokina bakwai duk mata ne, wannan ne namiji na farko, ina so a sa masa sunan maigidana marigayi. Ban taɓa kiran sunan nan ba yana raye, ba kuma zan fara a takarda ba. Mutanen gidan Alhaji Ramadan su ma sun zuba ido a yi wa Alhajinsu takwara, tunda shi ya yi wa Nasir hanyar Dubai. Yaro ya rasa inda zai sa kansa. Sau biyu yana bugo waya, in na tambaye shi sai ya ce yana tunani. A ƙarshe ya ce ranar suna da ƙarfe bakwai na safe zai bugo ya faɗa da bakinsa.

Wayar tawa ta girke ce, baƙa, mai nauyi, marigayi ya sa aka jawo ta tun yana cinikin fata. Tana kan kabad a ɗakina, na yi mata lulluɓi da ƙyalle mai geza. Salula ta shigo gari a lokacin, amma sai a hannun manya, kuma in ka shigo lungunmu da ita sai ka hau katanga kafin ta yi magana.

Ranar Asabar Ashafa ya shigo da sallamarsa mai tsawo, ya zauna a bakin ƙofata, ya ɗage tabarau, ya dubi wayar kamar ya ga gawa.

"Yaya, wannan abar tare kuka tsufa. Ke da sauranki, ita kam ta gama."

Na ce ya faɗi abin da ya kawo shi, tuwona yana wuta.

Ya gyara zama. Ya ce in Nasir ya bugo ta wannan wayar, daga Dubai har kan kabad ɗina sai an ware masa hanya guda shi kaɗai, kamar mutum ya yi shatar mota daga Kano zuwa Ikko ya zauna a ciki shi ɗaya, shi ya sa take cin kuɗi. Ta intanet kuwa, kwamfuta ce take kama muryar mutum ta yayyanka ta ƙanana ƙanana, ta ƙulla kowane yanki da lambarsa kamar ƙullin yaji, ta kai tasha. Duk motar da ke da gurbi sai a jefa mata ƙulli ɗaya. Wani ya bi ta Zariya, wani ta Jos, su haɗu a can, wata kwamfutar ta jera su bisa lamba ta kwance, murya ta fito kamar ba a taɓa ta ba.

Na ce masa ni na sha aika kaya ta tasha. Na taɓa aika wa ƙanwata kuka da daddawa Kaduna, kukar ta isa ran Laraba, daddawar har yau tana hanya.

"To in 'ina kwana' ta isa, 'lafiya lau' ta yi faci a Kwanar Dangora fa?"

Ya ce ai su da gudun walƙiya suke tafiya. Na ce direban daddawata ma haka aka ce min a kansa.

Bai karaya ba. Ya ce ranar suna shi zai riga Nasir bugawa, don yaro ya huta da sayen kati. Zai kafa lasifika a kan soro, Mandawari gaba ɗaya ta ji uba yana faɗin sunan ɗansa daga ƙasar Larabawa, abin da ba a taɓa yi ba a cikin badala. Ya ce kuma tasa wayar ta sama take bi, ba ta da igiya ko ta zaren ɗinki.

A nan ya kama ni. Lokacin bikin Nasir, gidan Alhaji Ramadan sun kawo mai ɗaukar bidiyo, wata guda ana zancen a gidajen biki. Na hango sunan maigidana yana tashi daga saman sorona, surukai suna zaune a ƙasa suna ji. Na ce na yarda, bisa sharaɗi ɗaya, kada ya taɓa min wayata. Ya ce ko kallonta ba zai yi ba, me zai yi da ita.

Ranar Litinin da la'asar na tafi Ƙofar Mata karɓo zannuwan da na ba da rini. Marinin ya so ya yi min wayo a kan guda biyu da shuni bai kama su ba, muka yi ta ja har aka kira magariba, ya gaji ya bar min. Da na dawo na tarar da tebur a soro, a kai ga kwamfuta an rufe ta da darduma. Daga shagon wani abokinsa Sule a Ƙofar Kabuga ya aro ta. Lasifika kuwa irin ta masu tallan magani ce, ya ɗaure ta a jikin indararo. Maƙwabciyata 'Yardada, wadda take kitso kuma bakinta ya fi hannunta sauri, ta ce min tun azahar yake bin majalisa majalisa yana gayyata, har mutanen da ba su san an yi haihuwar ba.

Da gari ya waye ranar Talata, tabarmi sun cika ƙofar gida har sun karya kwana. Ga goro, ga dabino, ga rago ɗaure a jikin turken gaban soro. Alhaji Ramadan ya zo da mutanensa cikin fararen kaya, ƙamshin turarensu har madafina. Limaminmu Malam Maharazu yana kan buzunsa a gaba. Mu mata muna bayan ƙofar soro ta ciki, ni da 'Yardada muna leƙe ta asabari.

Ashafa ya fito cikin babbar riga mai aska takwas, ya yi jawabi. Ya ce yau za a rufe wani zamani a buɗe wani. Ya ce nan da shekara biyu duk mai wayar girke sai dai ya ɗaure akuya da igiyarta. Ya yaye darduma, ya danna nan ya danna can, ya ɗaga hannu a yi shiru.

Abin da ya fito daga lasifikar nan ban taɓa jin irinsa ba. Ya fara kamar kukan tsuntsu, ya koma kamar an taka wutsiyar kyanwa, sannan kamar ana zuba tsakuwa a kan kwanon rufi. Tsofaffi suka hau neman tsari. Rago ya yi tsalle ɗaya ya tsinke igiya, ya bi ta kan farantin dabino, ya shige lungu. Mahauci ya bi shi da wuƙa a hannu, mutum shida suka bi mahauci. Sai a Sabon Titi aka kamo shi.

Ashafa ya ce kada kowa ya tsorata, injuna ne suke gaisawa.

'Yardada ta ce, "In wannan ce gaisuwarsu, Allah ya raba mu da ranar da za su yi faɗa."

Ya buga lambar shagon su Nasir, aka ji ƙarar layi a cike. Ya sake, haka. Ya sake, haka. Ya juya ya gaya wa jama'a cewa mu nan a shirye muke, Dubai ce ba ta shirya ba. Bakwai ta wuce, bakwai da kwata ta wuce. Alhaji Ramadan ya dubi agogonsa, ya mayar da hannun riga a hankali, ni kuwa na ji abin har cikin ƙashina.

A bugu na bakwai ko na takwas aka ɗauka. Ashafa ya miƙa wa Liman makirfo da hannu biyu.

Malam Maharazu ya yi gyaran murya ya yi sallama. Shiru. Ya sake sallama. Can sai lasifika ta ce salamu alaikum, da wata murya ta dattijo. Malam ya amsa da cikawa, har da wa barakatuhu, ya juya ya ce wa Alhaji Ramadan lallai zaman Dubai da wahala, ji yadda muryar yaron nan ta tsufa. 'Yardada ta dafa ni don kada ta faɗi. Ta ce Malam ne yake amsa wa Malam. Muryarsa ce ta je can ta dawo.

Sannan ta Nasir ta iso, a karkarye, kamar mai magana a kan jakin da ke sassarfa. Yana amsa sallamar farko, Malam ya riga ya kai ina gajiya. Da Malam ya ce yaya kasuwa, sai aka ji Nasir ya ce ba gajiya. Da Malam ya ce mun sami ƙaruwa, Allah ya raya, sai aka ji kasuwa da godiya. Malam ya lura ya dakata don yaro ya cim masa. Shi ma yaro ya dakata don kada ya katse babba. Aka yi tsit, har ana jin rago yana huci. Sai su biyun suka fara magana lokaci guda, suka tsaya lokaci guda, kowa ya ce wa ɗan'uwansa bismilla.

Ashafa ya ce abin mai sauƙi ne, haka matuƙan jirgin sama suke yi. Duk wanda ya gama maganarsa ya ce na gama.

Malam ya dube shi ta saman gilashi, ya juya ga makirfo. "Ina gida, ina mutanen arziki, na gama."

Haka aka ci gaba. Kuma Malam Maharazu ba ya barin gaisuwa a rabi, ko gobara ake yi sai ya tambayi iyali. Da ya kammala, Alhaji Ramadan ya ce ba zai yiwu surukinsa yana kan waya bai ji lafiyarsa ba. Nasir kuma ba zai gai da suruki a tsaye ba, daga muryarsa ka san ya durƙusa a can cikin shagon mutane. Wani kawun Salma ya miƙo hannu shi ma. Rana ta hau katanga ana na gama, na gama, ba a gama komai ba.

Daga ƙarshe Malam ya karɓe makirfo ya ce wa Nasir jama'a suna jira, ya faɗi sunan yaro.

Nasir ya fara da godiya ga Allah. Daga nan ya shiga godiya ga Alhaji Ramadan. Ya ce Alhaji ya zame masa uba, Alhaji ya riƙe hannunsa, ba shi da abin da zai saka wa Alhaji da shi. Kalmomin suna zuwa wasu da kai wasu ba ƙafa, amma ni shekara talatin ina ciniki, in mai saye ya fara yabon kayan maƙwabciya na san inda kuɗinsa za su. Na bar bakin asabari na shige ɗaki, na ce bari in bugo wa babbar 'yata a Fagge ta zo ta ga abin da ƙaninta yake shirin yi min a bainar jama'a.

Na yaye ƙyalle na ɗaga kan waya. Maimakon ƙarar da na saba ji, sai kukan kyanwar nan ya daki kunnena. A waje kuma lasifika ta ce, "Saboda haka sunan da na," ta yi ƙit, ta mutu.

Na ajiye kan wayar a hankali.

Waje ya kaure da surutu. Mutanen Alhaji Ramadan suka ce ai an ji inda maganar ta dosa, a yanka rago kawai. Dattawan lungunmu suka ce ba a raɗa suna da inda magana ta dosa. Malam ya ce shi bai ji suna ba. Ashafa ya ce hadari ne ya taso a kan Bahar Maliya, yanzu zai wuce. Ya sake kunna kukan injunansa, wannan karon mutum biyu suka danne rago tun kafin a fara.

Da aka samu Nasir, Malam ya yi sallama. Ashafa ya ce Allah gafarta Malam ai an riga an gaisa. Malam ya ce wancan zama ya tashi, wannan sabon shiga ne, shi ba zai faɗa wa mutum ba sallama ba. Aka koma ina kwana.

Ni kuwa na jawo 'Yardada ɗaki, na ce ta tsaya a taga ta kasa kunne. Na jira har Nasir ya sake hawa kan alherin Alhaji, na ɗaga kan waya. Lasifika ta mutu. 'Yardada ta dube ni, na dube ta. Ta durƙusa ta leƙa bayan kabad. Ga wata siririyar igiya fara an maƙala a inda tawa ta shiga bango. Muka bi ta da ido. Ta bi gindin bango, ta shige ƙarƙashin ledar ɗaki, ta fita ta ƙasan ƙofa, an bi ta da ƙasa an rufe har soro. Ashe ina can ina fama da marini, shi yana nan yana haƙa min tsakar gida. Wayar sama, wayar sama, ashe a bayan tsohuwar wayata take goye.

Ba a jima ba sai ga shi ya shigo, wai zai sha ruwa. Gumi ya jiƙa wuyan babbar riga. Ya tsaya a bakin ƙofata ya rage murya.

"Yaya, don girman Allah ki daina taɓa wayar nan."

"Wace wayar? Wannan da ta gama?"

"Ki bari a gama taron nan, zan yi miki bayani."

"Ina ruwan taka da tawa? Taka ba ta sama take bi ba? Ko hadarin Bahar Maliya ne ya shigo ɗakina?"

Ya ce hanyar da ta kai tasha ce kawai ya ara, daga tasha kuma sai sama. Na ce to ya fita ya faɗa wa mutane haka da lasifika, in ya faɗa na ɗauke hannuna. Ya dubi ƙofar soro, ya dube ni. Ya ce zai sayo min turmin atamfa. Na ce atamfa nake sayarwa. Ya ce zai gyara min rediyona. Na ce shi ya kashe ta. Ya juya ya fita bai sha ruwan ba.

Karo na uku ban ma bari an kai ga alherin Alhaji ba, Malam yana cikin yaya kasuwa na ɗaga. Ta asabari 'Yardada ta hango Ashafa ya juyo yana kallon cikin gida, bakinsa yana motsi. Ya san abin da ke kashe masa waya sarai, amma ba dama ya faɗa. Alhaji Ramadan ya tambaye shi ko lafiya yake kallon gida. Ya ce alƙibla yake dubawa, saboda tauraron ɗan'adam.

Yana cikin sake haɗawa karo na huɗu aka ɗauke wuta. Kwamfuta ta yi baƙi, lasifika ta yi tsit. Ban taɓa ganin mutumin da ya yi murna da ɗauke wuta kamar Ashafa ba. Ya buɗe hannuwa ya ce jama'a ku shaida, aiki ya kammala, wuta ce ta ci amanarmu.

Malam Maharazu ya miƙe yana kaɗe buzu. Ya ce rana ta yi, yana da ɗalibai suna jiransa, kuma ba a barin jariri ba suna saboda na'ura. Tunda ba a ji daga uba ba, ga kakan yaro a zaune, ga ƙanin kakansa, su haɗa kai su ba shi suna ya yi addu'a. Ashafa a halin da yake ciki, ko sunan ragon aka ce a sa zai ce ya yi. Ni da hannuna na kashe waya sau uku, ga shi na miƙa wa surukai abin a faranti.

Sai wayata ta yi ƙara.

Ƙararta irin ta dā ce, mai ƙararrawa, ga gari ya yi shiru ba wuta. Har ƙofar gida aka ji. Malam ya tsaya da buzu a hannu. Wani ya ce ba an ɗauke wuta ba, wani ya ba shi amsa cewa ita wannan ba ruwanta da wutar gida, da tata take zuwa ta cikin igiya. Na ɗauka.

"Hajiya, tun ƙarfe bakwai saura nake bugo layinki, a cike, a cike. Wa kike magana da shi haka?"

Muryarsa tar, kamar yana bakin ƙofa. Na ce ya tambayi baffansa. Ashe lokacin da Ashafa yake cewa Dubai ba ta shirya ba, Nasir ne yake kan wayar shagon yana neman tawa, tawa kuma Ashafa ya tare ta yana neman tasa. Na ce ya bar wannan, Liman yana tsaye, wane suna.

Ya ce Hajiya ki yi haƙuri, kin san abin da Alhaji ya yi min, na ga ya kamata a sa Ramadan, in Allah ya kawo na biyu sai a sa na Baba.

Ban ce komai ba.

"Hajiya? Kina ji na? Ko layin ne?"

"Layi lafiyarsa ƙalau. Ni ce na yi shiru."

Ya ce da kati yake bugowa, kuma ya kusa ƙarewa. Na tambaye shi saura minti nawa. Ya ce uku. Na ce to ni ba sauri nake ba. Na gyara zama a bakin gado, na riƙe kan waya a kunne, ina jin numfashinsa, ina jin motocin Dubai suna wucewa a bayansa. Abin da na yaba wa wayar girke ke nan, shirunka ma tana kai shi can cikakke, ba ta yanka shi.

Ya ce to a haɗa sunayen biyu. Na yi shiru. Ya ce Alhaji zai ji ba daɗi. Na ce Alhaji yana da rai, yana da 'ya'ya maza biyar da za su yi masa takwara, nawa yana ƙasa shekara tara. Na biyun da ya ce zai ba ni, na bar wa Alhaji, har da na uku in yana so. Ya ce saura minti ɗaya. Na ce na ji.

"Shi ke nan, Hajiya. A sa sunan Baba."

Na sa ya maimaita da ƙarfi, na kara wa 'Yardada a kunne ta zama shaida. Ya fara cewa a gai da, kati ya ƙare.

Kafin in miƙe, 'Yardada ta riga ta cire farar igiyar nan daga bayan kabad tana naɗewa a gwiwar hannu, wai kada wani ya yi tuntuɓe. Tana ja, igiya tana tashi daga ƙasa. Ta tsaga tsakar gida, ta shiga soro, ta ɗaga gefen tabarmar da kawun Salma yake zaune a kai, ta kifar da butar Liman, ta miƙe sambal a gaban jama'a tun daga ƙofar cikin gida har bayan kwamfutar Ashafa. Kowa ya bi ta da ido daga wannan kai zuwa wancan. Sai mahauci ya ce ashe saman ba ta da nisa.

Na aika a kira min Ashafa. Ya shigo tabarau a hannu. Na ce uban yaro ya yi magana, ga 'Yardada ta ji, ya je ya gaya wa Malam.

"Wane sunan?"

"Ka san ba zan faɗa ba. Na yayanka."

Ya tsaya kamar zai yi jawabi, na ce Malam yana tsaye. Ya tattara babbar riga ya fita da sassarfa, ya tsallake igiyarsa, ya durƙusa ya raɗa wa Liman a kunne.

Alhaji Ramadan dattijo ne, ba zan ci hakkinsa ba. Ya ce madalla, marigayi mutumin kirki ne, Allah ya sa yaro ya gaje shi. Sannan ya juya ga Ashafa, a natse, ya ce yana da tambaya don ƙarin ilimi. Wannan saƙon da ya iso yanzu, ta sama ya zo ko ta ƙasa?

Ashafa ya ce a gaskiya in aka bi tsarin abin, kashi biyu ne. Malam Maharazu ya ce shi dai da ƙafa ya ga ya zo, a yi salati.

Aka ɗaga hannuwa. Ba lasifika, ba wuta, sai muryar tsoho guda, amma har bayan asabari ta iso. Shekara tara rabon da a kira sunan nan a ƙofar gidan nan. Na ja mayafi na toshe kunne ɗaya saboda kunya, ɗayan kuwa na bar shi a buɗe.